Takalman Alhamis a Sa'alaba

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya kai mu bakin teku, Ya tsare mu a can, Ya kuma dawo da mu da ƙafafunmu.

Zangonmu na farko a Jidda shi ne Ammariyya. Umra muka zo, ni da maigidana Malam Isuhu, da 'yarmu Ummi tana goye. Muka yi ibada, abokan tafiya suka koma, mu muka zauna. Wani ɗan garinmu ne ya yi mana alkawarin ɗaki da kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya mana. Ya tare mu da fara'a, ya hau da mu saman wani tsohon gida, ya nuna mana wani ɗan ɗaki kusa da tankin ruwa, ya ce zai dawo da abinci. Har yau da nake wannan rubutu abincin bai iso ba. Da gari ya waye wani Balarabe ya hawo shanya kaya, ya gan mu zaune kan tabarma a ɗakin ajiyarsa. Bai san mutumin ba, bai taɓa jin sunansa ba.

Bai yi mana tsawa ba, Allah Ya saka masa. Ya dai nuna mana matakala. Muka sauko da jaka, muka tsaya a inuwar wani mai gasa burodin tamis. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi, sai ka ji kamar an lulluɓe ka da ɗanyen zane. Mai burodin ya dube mu, ya dubi yarinyar, ya miƙo mana guda biyu masu zafi da ɗan kwanon wake, ya juya ga tanderunsa kamar bai yi komai ba. A nan wata dattijuwa mai sayar da goro ta ji muna Hausa, ta ce, "Ku 'yan ina ne?" Muka ce Kazaure. Ta ce, "To ku tashi, rana za ta dafa muku yarinya." A ɗakinta muka fara kwana da rufin da aka san da mu a ƙarƙashinsa.

Mun daɗe a Ammariyya. Malam ya samu aikin dako a wajen tashar jiragen ruwa, yau akwai gobe babu. Ni kuwa ina ɗaki, ina ɗinkin hannu, ina koya wa Ummi abin da mahaifina ya koya mini a zaurensa: karatun Alƙur'ani da rubutun ajami. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ɗansa ba ya shiga makaranta, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne irin tarbiyyar da tsoro ke yi wa yaro. "Kada ki leƙa taga." "Yi a hankali." "Wa ya ce ki buɗe ƙofa?" Da waɗannan kalmomi na rene ta, kuma ta ji magana fiye da yadda nake so. Ta taso shiru. Da safe takan tsaya a bayan labule tana kallon yara da jakunkuna a baya. Wata rana ta ce, "Umma, ina ake kai su?" Na ce makaranta. Ta ce, "Me suka yi?"

Ranar wata sallah muka je gaisuwa gidan da akwai yara. Wata yarinya ta miƙo mata 'yar tsana. Ummi ta karɓa, ta ce na gode, ta zo ta ajiye a cinyata, ta koma bayana ta tsaya. Ba ta san abin da ake yi da 'yar tsana ba in akwai wata a wurin. A lokacin ta haddace surori masu yawa, tana rubuta sunanta da na babanta. Na dawo ɗaki na faɗa wa Malam cewa ba karatu ne ya rage wa yarinyar nan ba, yara ne.

Zango na biyu Sa'alaba, kudancin gari. Malam ya samu tsayayyen aiki a wani sito, muka kama ɗaki biyu a saman wani tsohon gida mai hawa uku. Mai gidan yana zaune can arewacin gari, ba ya cika zuwa. Sharaɗinsa ɗaya, mai gadin gidan ne ya maimaita mana shi, wani ɗan Yaman da ake kira Ammu Yahya: iyali guda, ba taro, ba tara mutane. A ƙasa kuma akwai wata tsohuwa, Khala Safiyya, mai ɗan tsakar gida nata da ƙofa ta lungu. Baƙa ce kamarmu, an ce kakanninta da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, amma ita haifaffiyar Jidda ce, Larabci kawai muke ji a bakinta. In na gaishe ta sai ta amsa da kalma guda, ta ci gaba da jan carbi. Gwiwoyinta sun gaji, ba ta hawa bene. Ni dai tsoronta nake ji.

A wurin wani suna na haɗu da mata biyu da suka zama ƙawayena. Talatu, da muke kira Maman Nasiru, 'yar Kaduna ce, ta koyar a firamare kafin ta zo. Hadiza kuma 'yar Maraɗi, mai dariya da dukan jiki. Kowaccenmu a ɗaki take koyar da nata. Muna cin shinkafa Talatu ta ce, "Ni nawa ya iya lissafi, amma jiya na same shi yana wa fanka bayanin darasi."

Hadiza ta ce, "Ke kin samu. Nawa biyun in ba su daki juna ba, ni suke duka. Sun gaji da fuskata, ni ma wallahi na gaji da tasu."

Na ce, "To ku kawo mini su mana."

Bakina ne ya riga hankalina. Da na koma na faɗa wa Malam, ya ce, "Malama, kin dai ji sharaɗin mai gida." Na ce yara ne, ba taro ba. Ya ce, "In an tara su sunansu taro." Sai ya dubi Ummi tana jera cokula a kan tabarma tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ku yi a hankali." Bayan 'yan kwanaki ya shigo da guntayen katakon da ake yarwa a sito, ya goge su, ya fafe musu kai, suka zama alluna.

Alhamis na zaɓa, domin a zauren mahaifina ranar Alhamis ba a karatu, ranar wasa ce da wankin allo. Na ce tamu Alhamis ɗin za ta haɗa biyun. Bayan la'asar muka sa, lokacin da 'yan makaranta ma suna waje, yaro a titi ba abin kallo ba ne. Muka kafa dokoki. A riƙa zuwa biyu-biyu, ba a jere ba. Ba karatu da ƙarfi baki ɗaya irin na gida. Na shimfiɗa tsofaffin barguna a ƙarƙashin tabarma don kada tsalle ya sauka kan na ƙasa. In an ji baƙon motsi a matakala, akwai wasan da muka ƙirƙiro, wanda ya fara magana ya faɗi.

Da yara huɗu muka fara. Labari ya bi bakin mata, kafin azumi ya zagayo ɗakin ya cika. Ba duka ne marasa takardu ba. Akwai 'ya'yan wani direba mai iƙama, wanda makarantar kuɗi ta fi ƙarfinsa, akwai kuma wata da ta cire nata da kanta saboda tsokanar da ake yi musu. Kowace uwa da abin da ta iya. Talatu ke da boko da lissafi. Takan zuba shinkafa a tire ta ba su gwangwanaye manya da ƙanana, su yi ta awo suna musu har su gane rabi da kwata da kansu. Hadiza ke da wasannin tsalle da tafi, sai dai tafin da yatsu biyu ake yi. Ni ke da allo da tatsuniya. Tawada da gawayin turare nake haɗawa, da ƙaron da nake samu wajen masu kayan ƙamshi a tsohon gari. Wata rana muka zana hanya da alli a kan daɓe, daga Kano zuwa bakin teku, kowane yaro ya tsaya a garin iyayensa. Wani ƙaramin ya ƙi tsayawa ko'ina, ya ce shi ɗan bakala ne, wato kantin bakin layi, domin nan kaɗai ya sani.

Tsakuwa ba ta samuwa a saman bene, don haka da ƙwallon dabino muke carafke. Kowa ya riƙa tara na gidansu yana wankewa. A kan ƙwallon dabinon nan Ummi ta yi faɗanta na farko. Ina tsakiyar gyara wa wani alƙalami sai na ji murya ta tashi: "Ƙarya kike, kin taɓa! Na gani da idona!" Na waiwaya, 'yata ce, ta riƙe ƙugu, ta tsare Fa'iza 'yar Hadiza. Hadiza ta ce, "Malama, ba za ki raba su ba?" Na ce, "Bari ta ƙara kaɗan." Da suka watse na yi alwala na yi nafila ta godiya. Malam da ya ji ya ce bai taɓa ganin uwar da ta yi murna da rashin kunya ba.

Mun tsare murya, mun tsare daɓe, mun tsare lokacin zuwa. Abu guda ne bai taɓa zuwa mana a rai ba, shi ne takalmi. Ɗakin da ake karanta Alƙur'ani, ɗakin da akwai uwar wani a zaune, wane ɗan Hausa ne zai shige shi da takalmi? Kowane yaro in ya iso sai ya tuɓe a bakin ƙofa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa yadda aka koya masa, ya shigo. Iyayensu ma haka. Mu muna ciki muna raɗa, a waje kuwa silifa da kambas sun cika sararin matakala, ƙanana da manya, suna shela. Malam ya taɓa dawowa da wuri, ya tsallake su, ya shigo yana dariya ya ce, "Yau Juma'a ake yi a nan?" Muka yi dariya tare. Ko shi bai kawo komai a ransa ba.

Wata Alhamis cikin zafi muka ji muryoyin maza suna hawowa. Nan da nan aka shiga wasan shiru. Suka wuce ƙofarmu, suka hau sama, muka ji ana bubbuga tankin ruwa, aka daɗe, sannan suka sauka. Muka ce masu gyara ne, aka koma wasa. Da magariba ta matso, Talatu ta buɗe ƙofa za ta fara fita da ɗanta. Sai ta tsaya. Ta ce, "Malama, zo."

Babu takalmi ko ƙafa ɗaya. An share wurin tas.

Talatu ta mai da ƙofa ta jingina da ita. Ta ce, "An gano mu. Shaida aka kwasa." Hadiza ta zauna daɓas ta ce, "Se fini, wallahi mun ƙare." Ko ba a gano mu ba, ta yaya za a fitar da yara cike da ɗaki ba takalmi su bi titi? Wa ba zai waiwaya ba? Yaran suka lura da fuskokinmu, suka yi tsit ba tare da an ce a yi wasan ba, wannan ma ya fi komai yi mini ciwo. Ummi ta saki hannun Fa'iza ta zo ta tsaya a bayana, daidai yadda ta saba a da.

Sai aka buga ƙofa. Ba bugun namiji ba ne, da sanda ake yi, daga ƙasa. Na yi addu'ar da ta zo bakina na buɗe. Khala Safiyya ce, tana haki, gumi ya jiƙa mayafinta, tana jan buhun shinkafa a bayanta. Ta turo shi cikin ɗaki, ya kife, takalma suka zubo a kan tabarmar karatu.

Ta dube ni ta ce, "Ke. Ba ki da hankali? Wannan gida ne ko masjid?"

Da Hausa ta faɗa. Hausa mai nauyi, irin ta tsofaffin da, tana jan ta kamar yadda ta jawo buhun.

Hadiza ta ce, "La ilaha illallahu! Khala, kina jin Hausa?"

"Ina ji. Ina jin ki duk khamis, kina wucewa kina cewa tsohuwar nan fuskarta kamar an aiko mata da mutuwa."

Hadiza ta rufe fuska da mayafi. Aka ba Khala kujera, ta zauna tana murza gwiwa, ta ba mu labari rabi Hausa rabi Larabci. Mai gidan ne da kansa ya zo duba tanki. Ta hango motarsa ta taga, ya tsaya magana da Ammu Yahya a bakin titi. Ta san abin da ke saman matakala, domin duk Alhamis tana jin saukar silifa ɗaya bayan ɗaya. Ita da ta yi shekaru ba ta hau bene ba, ta ɗauki buhu ta hawo, ta kwashe, ta shige ɗan lungun da ake ajiye tsintsiya ta ja ƙofa, ta tsaya a nan cikin zafi har suka hau suka sauka, motar ta bar layin. Ta ce, "Kun rufe bakin yara, kun bar takalmi yana magana. Kuma ki sani, ya binti, wani a layin nan ya riga ya ce masa ana ganin yara da yawa. Ya tambayi Yahya. Yahya ya ce shi bai iya ƙirga yara ba. Amma zai sake tambaya."

Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Khala." Ta ce, "Halas, ya isa. A ba ni ruwa."

Da Malam ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, ni ban taɓa hana ki alheri ba. Amma in aka kore mu daga nan, ina muka nufa? Saman wani benen? Kuma ba mu kaɗai ba ne, 'ya'yan mutane ne a hannunki." Na aika wa iyaye cewa an dakata.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Karatu bai tsaya ba, kullum da safe muna kan allo ni da ita. Amma ranar Alhamis in an yi la'asar sai Ummi ta fito da alluna ta jera su a jikin bango, kowanne a wurin mai shi, ta zuba ƙwallon dabino a tsakiya, ta zauna. Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta koma bayan labule, muryarta ta koma ƙasa. Ni ma kewar gida ta taso mini sabuwa, ina tuna ƙofar gidanmu da yamma, yadda yara ke cika ta ba wanda ya gayyace su.

Wata Alhamis Ammu Yahya ya hawo ya ce Khala tana kirana. Na same ta a tsakar gidanta, ƙarƙashin wata bishiyar lemun tsami, da butar gahawa da dabino. Ta zuba mini ta ce, "Gidan ya zama maƙabarta. Ina yaran?"

Na ce, "Ke kika ce mai gida zai sake tambaya."

"Na ce ku daina wauta, ban ce ku daina yara ba." Ta ci dabino, ta tofa ƙwallon a hannu, ta jefa shi sama ta cafe da bayan hannu. Na zuba mata ido. Ta ce, "Me kike kallo? Kakata ta koya mini, a tsakar gida irin wannan. Ita ma haka ƙofarta take, takalmi kamar kasuwa. Jikokina suna zuwa madrasa, suna da takarda, suna da komai. In na yi musu Hausa sai su yi dariya, su ce sitti, kakarsu, tana waƙa. Ki kawo yaranki nan. Ƙofata ta lungu ce, ni kuma kowa ya san zuriyata da yawa. Uban mai gidan ne ya ba mijina wurin nan, ba yau muka fara ba. Da bakina zan faɗa masa cewa yara na karatun Alƙur'ani da wasa a wurina."

Na ce, "In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, ni ya ƙi, ba ke ba. Amma sharaɗi ɗaya. Takalmi ciki. Kowa ya ɗauki nasa a hannu. Ba na son layi duka su san lambar ƙafar baƙina."

Na ce, "Khala, inda za a buɗe Alƙur'ani? Takalmin da ya taka titi? Mu a wajenmu ko ɗakin surukarka ba ka shiga da shi, balle nan."

Ta ajiye kofinta. Ta ce, "Kin yi umra?"

Na ce na yi.

"A Harami ina kika bar naki?"

Na tuna. A cikin leda yake, a rataye a kafaɗata, na yi ɗawafi da shi, na yi salla yana gefena, ni da dubban mutane. Ta ce, "To ɗakina bai fi can ba. Sha gahawarki."

Da yamma na kai wa Malam maganar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce sai ya ji amsar mai gida tukuna. Amsar ta zo ta bakin Ammu Yahya: ba ruwansa da baƙin Khala, amma kada a yi masa rubutu a bango, kada a yi wasa da famfo. Malam ya ce, "To bismilla. Ki gaya wa ɗan bakalan nan maganar famfo sau biyu."

Buhun shinkafar da ta kwaso takalman da shi na yanka, na ƙara da wasu, na ɗinka ƙananan jakunkuna masu igiya, na rubuta sunan kowane yaro a jiki da ajami. Da yawansu a jikin jakar takalmi suka fara gane sunansu. Alhamis ta farko na tsaya a bakin ƙofar lungu, duk wanda ya iso ya tuɓe, ya zura a jaka, ya rataye a ƙusa daga ciki. Iyaye mata ne suka fi ba ni wahala, ƙafa ta riga ta saba, sai an bi su ana tsincewa. Khala na zaune da sandarta tana cewa, "Yalla, ya Hadiza, ɗauki! Mai fuskar mutuwa tana kallon ki."

A tsakar gidan nan yara suka yi tafi da dukan hannu a karo na farko. Jikokin Khala suka shigo ciki, suna jin Hausa ba sa iya mayarwa, namu suka koya musu carafke, su kuma suka gyara wa namu Larabcin titi. Ummi da Fa'iza suka ci gaba da faɗansu daga inda suka tsaya. Khala ta ce sai ta koyi rubuta sunan kakarta yadda ake rubuta shi a ƙasarsu, na ba ta allo, ta zauna a layin ƙanana, tana masifa in an riga ta gamawa.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Wata Alhamis Hadiza ba ta zo ba, ta gaba ma haka. Daga baya muka ji an tare su a hanya wajen duba takardu, an mai da su gida ita da yaran. Ba mu yi sallama ba. Jakar Fa'iza ta daɗe a rataye a ƙusarta, Ummi ta hana kowa taɓawa. Sai da muryar Hadiza ta iso ta waya daga Maraɗi, tana dariya tana cewa a gaishe mata da tsohuwarta, sannan hankalinmu ya kwanta. Yara sun zo sun tafi haka, wasu iyayensu sun sauya unguwa, wasu sun koma. Taron dai bai sake tsayawa ba har muka bar ƙasar.

Da aka buɗe ƙofar komawa ga marasa takardu, Malam ya ce lokaci ya yi, ƙashinsa ya gaji da dako. Na bar wa Talatu alluna da tulun tawada. Khala ba ta yarda mun yi doguwar sallama ba. Ta damƙa wa Ummi leda cike da ƙwallon dabino, ta ce, "A can akwai tsakuwa, na sani. Ki tafi da su duk da haka." Ni kuma ta ce mini, "Ki gaida ƙasar." Ba ta ce wace ba.

Zango na ƙarshe Kazaure. Muka isa gidan mahaifiyar Malam da yamma. Ummi, wadda a lokacin ta kusa kai ni tsawo, ta tsaya a ƙofar ɗakin kakarta, ta tuɓe takalmi, ta sunkuya ta ɗauke su a hannu, ta yi sallama ta shiga. Tsohuwa ta rungume ta, ta ja baya tana kallon abin da ke hannunta, ta ce, "Ke 'yar Makka, wa zai sace miki takalmi a ɗakin kakarki?"

Ummi ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Ajiye a waje, Ummi. Nan ana bari."

Ta fita ta ajiye su a bakin ƙofa, tana waiwayensu. Kafin a kira magariba yaran unguwa sun ji an zo da baƙuwa, suka yi ta shigowa, kowa na watsar da nasa a kan nata. Ina jin muryarta a ciki ta fi ta kowa, tana koya musu yadda ake cafe ƙwallon dabino, tana cewa wata ta yi ƙarya ta taɓa. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno na zauna a tsakar gida. Surukata ta leƙo ta ce in shigo in huta, me nake kallo a ƙasa. Na ce mata ina zuwa. Tulin takalman nake kallo yana ƙaruwa, a fili, ba wanda zai zo ya kwashe.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rufa mana asiri a baƙunci, na raye da na mace, Ya sa su tarar da ƙofa a buɗe.